Ko Kun Sani? Daura Daban, Ɗaura Daban

Ko kun san ƙugiya ɗaya tak ce ta raba sunan garin Sarauniya Daurama da aikin igiya? Daura mai "d" zalla shi ne garin da rijiyar Kusugu take, inda tarihin baka ya ce Bayajida ya kashe macijiya. Ɗaura mai ƙugiya kuwa abin da ake yi wa zane ne, ko aure, ko ɗamara. Akwai ma ta uku, "daura da", wato kusa da wani abu ko gefensa: gidansu yana daura da fadar Sarki.

A baki ba a samun ruɗani, domin wajen furta "ɗ" maƙogwaro yakan ɗan sauka, sautin ya fito kamar an ja shi ciki, ko yaron goye kunnensa na bambancewa. A rubutu ake yin kwaɓar. Ɗauki katin gayyata ka duba: sau da yawa za ka ga an buga "daurin aure", saboda mai na'urar bai nemo harafin ba. A saƙonnin waya kuwa abin sai haƙuri: "an daura aure a Daura", kalmomi biyu sun koma tagwaye.

Haruffan nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sun shigo rubutun boko ne a shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake jagorantar aikin buga littattafan Hausa a Zariya. Su ne kuma suka raba kafa da ƙafa, bari da ɓari.