Abin Hannu na Duwatsu da Saƙar Kwarashi: Lissafi, Siffa da Launi

Kalmar dutse tana ɗauke da kaya masu yawa a bakin Bahaushe. Dutse ne ake hawa, dutse ne ake niƙa a kansa, dutse ne kuma mace take ɗaurawa a wuya ko a hannu ko a ƙugu, ko da kuwa da gilashi aka yi shi, ko da roba, ko da ɓawon ƙwara. Wannan maƙala ta shafi dutse na ukun ne, watau dutsen ado, musamman wata hanya ta sarrafa shi wadda ba ta daɗe a duniya ba in an gwada ta da shekarun dutsen kansa, ita ce saƙa shi da kwarashi har ya zama abin hannu. Dalilin ɗauko wannan batu shi ne, sana'a ce wadda kusan ɗaukacinta ƙirga ne da kiran suna. Wadda ba ta iya ƙirga ba, ko kuwa ba ta da sunan da za ta kira launi da siffar ƙwayar da take nufi, aikinta ba zai daidaita ba, kuma ba za ta iya koya wa wata ba.

Tsufan dutsen ado

Dutsen ado ba baƙo ba ne a wannan yanki. A haƙar da Thurstan Shaw ya fara a Igbo-Ukwu a 1959 an tono duwatsun ado fiye da 150,000, na gilashi da na jan dutse, waɗanda aka danganta da wajen ƙarni na 9 zuwa na 10. A Igbo Olokun ta Ile-Ife kuwa, binciken Abidemi Babalola ya tabbatar da cewa a nan aka riƙa haɗa gilashin kansa tun daga wajen ƙarni na 11. A ƙasar Hausa, kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, waɗanda aka sake haƙawa a 1992, sun fito da duwatsun ado tare da wuri da kayan tagulla da na zinariya. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya lissafa duwatsun birnin Benis na Italiya cikin hajar Turai da ake kawowa kasuwa ta hanyar Sahara.

Harshe ma ya adana nasa tarihin. Murjani da lu'ulu'u daga Larabci suka shigo. Lantana suna ne na wani jan dutse da fatake Hausawa suka riƙa kai wa masu fiƙe shi da huda shi a Ilori, sana'ar da Ann O'Hear ta yi nazari a kanta. Ga kuma tsakiya, ga jigida, wadda a da ake yi da ɓawon ƙwarar kwakwa kafin ta roba ta kore ta. Darajar waɗannan kaya ta kai har ana kiran 'ya'ya mata Lantana da Murjanatu. A Bida, Masaga masu narka gilashi, waɗanda S. F. Nadel ya bayyana aikinsu a 1942, sun shahara da mundaye da duwatsu. Amma duk waɗannan shirya su ake yi, watau a zura su a zare ɗaya bayan ɗaya a ɗaure. Saƙa su wani abu ne dabam.

Asalin saƙar

Kalmar kwarashi kanta ta nuna hanyar da abin ya biyo. Asalinta kalmar Faransanci ce mai ma'anar 'yar ƙugiya, Ingilishi ya ara, Hausa kuma ta karɓa ta raba baƙaƙen farko da wasali, kamar dai yadda ta yi wa burodi da direba da firamare. A Turai saƙar ta bayyana a rubuce a farkon ƙarni na 19. Wata mujallar ƙasar Holan mai suna Penélopé ta buga tsarin saƙa jakar kuɗi a shekarun 1820, kuma ba da jimawa ba aka soma cusa duwatsu a cikin irin waɗannan jakunkuna. Saƙa mai siffar igiya, wadda ita ce abin nufi a nan, ta yi ƙarfi a ƙasashen Daular Usmaniyya. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, fursunonin Turkiyya da ke sansanonin Ingilishi a Masar da wasu wurare sun riƙa saƙa macizai na duwatsu suna sayarwa, wasu har da shekara a rubuce a cikinsu. Da yawa suna nan a gidajen tarihi. A ƙasar Hausa kuwa an fi sanin kwarashi da ulu, wajen saƙa hula da safa da rigar sanyi ta jarirai.

Yadda ake saƙar

Abu na farko da ya raba wannan aiki da sauran saƙa shi ne, sai an shirya dukkan duwatsun a kan zare tukuna kafin a taɓa kwarashi. Ba a yanke zaren daga dunƙulensa. Ƙwayar da aka zura a ƙarshe ita ce za a fara saƙawa, saboda haka a juye ake shirya zane, daga wutsiya zuwa kai.

Bayan an gama shiri, sai a yi zarge a bakin zaren, a saƙa sarƙa shida, kowace da ƙwaya ɗaya a jikinta, a haɗa bakin su zama zobe. Daga nan aikin iri ɗaya ne har ƙarshe: a cusa ƙugiya a cikin zargen ƙwaya ta farko, a ture ƙwayar ta koma bayan ƙugiya, a jawo sabuwar ƙwaya ta zauna a bisanta, sa'an nan a kamo zare a fitar da shi ta zarge biyu a lokaci guda. Ƙwayar da aka ture takan juya ta kwanta, zaren ya ɓuya a ciki, duwatsu kaɗai ake gani a waje. Ana iya yin gewaye da ƙwaya biyar ko bakwai ko takwas, amma shida ita ce aka fi koyo da ita. Gewaye uku ko huɗu na farko su ne masu wuya, domin a lokacin abin bai yi kama da kome ba, kuma a nan ne mafi yawan masu koyo suke ajiye kwarashi.

To, a nan lissafi yake shigowa. Saƙar ba ta tafiya zobe bisa zobe; murɗawa take yi kamar igiya. Kowace ƙwaya tana zaune ne a tsakanin ƙwayoyi biyu na ƙarƙashinta, kamar yadda magini yake jera tubali. A gewaye mai shida, ƙwaya ta 20, alal misali, tana taɓa ta 19 da ta 21 a gefe, ta 13 da ta 14 a ƙasa, ta 26 da ta 27 a bisa. Watau tazarar shida da tazarar bakwai su ne suke mulkin zane. Idan aka shirya fari biyar da ja ɗaya, aka yi ta maimaitawa, jan zai fito layi ɗaya yana murɗawa ta gefe guda. Idan aka shirya fari shida da ja ɗaya, maimai ya zama bakwai ke nan, layin zai murɗa ta ɗaya gefen. Idan kuwa aka haɗa shida da bakwai, maimai ya zama 13, sai karkatar biyun su kashe juna, jajayen ƙwayoyin su jeru a miƙe bisa tsawon igiyar. Ƙwaya ɗaya tak ita ce bambancin hagu da dama.

Wannan ne ya sa kuskuren shiri yake da tsada. In ƙwaya ɗaya ta yi yawa, duk abin da ya biyo bayanta zai goce, kuma sau da yawa ba a gane ba sai an saƙa inci biyu ko uku. Ana iya fasa ta da filaya, tare da haɗarin tsinke zare. In kuwa ƙwaya ce ta kasa, sai dai a yanke zare a gyara a sake haɗawa. Masu gwaninta kan saƙa ɗan guntu na gwaji su ƙirga. A ce inci ɗaya ya ci ƙwaya 60, ana kuma son abin hannu mai inci takwas, ana bukatar ƙwaya 480. Amma in maimai 13 ne, 480 ba ta rabuwa da 13, sai a shirya 481, watau maimai 37 cif, domin in an ɗinke baki da baki zane ya haɗu ba tare da an ga wurin haɗi ba.

Da zarar an haɗa bakin biyu, abin hannun ya ɗauki siffar gammo, siffar da masana lissafi suka daɗe suna sha'awa. A kan takarda launi huɗu sun isa a raba kowace ƙasa da maƙwabciyarta a taswira, kamar yadda Appel da Haken suka tabbatar a 1976. A bisa gammo kuwa ana iya bukatar bakwai, abin da Heawood ya nuna tun 1890. Ellie Baker da Susan Goldstine, a littafin da suka fitar a 2014 a kan lissafin wannan saƙa, sun nuna abin hannu mai yanki bakwai, launi bakwai, kowane yanki yana taɓa sauran shidan. Malamin lissafi da ke neman abin da zai sa a hannun ɗalibi ya juya ya gani da idonsa da wuya ya sami wanda ya fi wannan.

Siffa

Ƙananan duwatsun gilashi da ake wannan aiki da su akasari daga Jamhuriyar Cek da Japan suke fitowa, da kuma Indiya da Sin. Ana auna su da lamba, kuma gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙanƙantar ƙwaya: lamba 6 wajen milimita huɗu ce, lamba 8 wajen uku, lamba 11 wajen biyu. Mai koyo da lamba 6 ya kamata ta fara. Ƙwaya mai zagayayyen baki ta fi kwanciya, igiyarta ta fi laushi. Mai siffar ganga, irin Delica da kamfanin Miyuki ya fitar a 1982, tana ba da zane mai tsabta. Doguwa mai kaifin baki kuwa cin zare take yi.

Cuɗa girma dabam-dabam shi ne yake fitar da igiya daga santsi zuwa tudu da kwari. Babbar ƙwaya ɗaya a cikin kowace shida takan ta da doro mai murɗawa. In aka jera manyan a gefe ɗaya a miƙe, igiyar da kanta za ta tanƙwaru, domin wancan gefen ya fi tsawo. Mai siffar ɗigon ruwa, wadda hudarta take a kai, takan leƙo waje kamar ƙaya. Tsakiya da dutsen Bida ba su shiga saƙa, saboda girma da kuma rashin daidaito irin na aikin hannu. Matsayinsu shi ne tsakiyar abin hannu, a rufe bakin igiya biyu a jikinsu. Wannan ba naƙasa ba ce. A gaskiya ita ce hanya mafi kyau ta haɗa sabuwar saƙa da tsohon dutse, maimakon a bar shi a ƙasan adaka.

Launi da sunansa

A cikin gilashi launi daga ma'adini yake zuwa: kobal yana ba da shuɗi, jan ƙarfe yana ba da kore da shuɗi mai haske, zinariya kuma tana ba da wani irin ja mai tsada. Ƙwayar da aka rina ta waje kawai takan koɗe da gumi da sabulu. Launin zare ma yana da tasiri, domin a ƙwaya mai ɗaukar haske baƙin zare dusashe ta yake yi. Kuma a ƙwayoyi ƙanana, ja da kore masu duhu ɗaya cuɗewa suke yi a ido daga nesa. Abin da yake fitar da zane shi ne bambancin haske da duhu.

Hausa tana da hanya biyu ta kiran launi. Akwai kalmomi irin su fari da baƙi da ja da shuɗi, masu jinsi da jam'i, a ce jan dutse, jar ƙwaya, jajayen duwatsu, ko shuɗɗan duwatsu, kuma suna da 'yan rakiyarsu: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar. Sa'an nan akwai hanyar ruwan kaza, wadda ba ta da iyaka: ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa, ruwan zuma, ruwan makuba, ruwan hoda, har da ruwan omo, wanda garin sabulu ya haifar. Waɗannan ba su shan jam'i, sai an jingina su da mai ko masu, a ce duwatsu masu ruwan goro. Hanya ta biyun ita ce ta dace da teburin mai saƙa, inda shuɗi kaɗai yake iya kai iri goma, domin tana ƙirƙirar suna nan take daga abin da kowa ya sani.

Inda giɓi yake shi ne wajen kalmomin aikin kansa. Ƙamus na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun adana sunayen duwatsu na zamaninsu, amma ba a rubuta su domin mai kwarashi ba. Kalmomin da aka yi amfani da su a wannan maƙala, watau ƙwaya, da shiri, da zarge, da gewaye, da maimai, da doro, duk tsofaffin kalmomi ne da aka ɗora wa sabon aiki, ba a ƙirƙiri ko ɗaya ba. Da su ana iya rubuta tsarin abin hannu gaba ɗaya a layi guda: gewaye shida, lamba takwas, maimai goma sha uku, fari biyar, ruwan goro ɗaya, fari shida, ruwan goro ɗaya, sau talatin da bakwai.