Masaukin Mermaid: Gidan baƙin da teku ta ja da baya ta bari

A garin Rye, da ke kudu maso gabashin Ingila, akwai wani masauki mai suna Mermaid Inn wanda har yau baƙi ke kwana a cikinsa, alhali tun 1420 aka yi ginin. Ɗakunan ajiyarsa na ƙarƙashin ƙasa ma sun girme shi, domin ana danganta su da shekarar 1156. Su ne suka tsira lokacin da Faransawa suka ƙone garin a 1377.

A wancan zamani Rye tashar jiragen ruwa ce mai albarka, matuƙa da fatake ne ke cika masaukin. Daga baya yashi da laka suka toshe mashigar, teku ta ja da baya kimanin kilomita 3.

Duk da haka, wanda ya dubi ginin zai ga hannun teku a jikinsa. An kafa shi da baƙaƙen ginshiƙan katako, aka cike tsakaninsu da farin yaɓe, kuma ana cewa wasu katakan daga tsofaffin jirage aka ɓamɓaro su. Wasu murahun ɗumama ɗaki an sassaƙa su ne da dutsen Caen na Faransa. Daɓen ya karkace, rufin kuwa gajere ne, dogon mutum sai ya sunkuya.

Abin da ya fi jawo wa gidan suna shi ne fasa-ƙwauri. A tsakanin 1730 da 1749, lokacin da haraji ya tsauwala wa ganyen shayi da barasa, gungun Hawkhurst suka mayar da shi matattararsu. An ruwaito cewa sukan zauna da bindigogi ɗure a kan tebur, babu jami'in da ke iya ce musu uffan. Bai kamata a yi musu kallon jarumai ba, domin sun kashe mutane, kuma an rataye shugabanninsu a 1748 da 1749. Sai dai igiyar rataya ba ta kashe sana'ar shigo da shayi ta bayan fage ba. Ta durƙushe ne a 1784, da gwamnati ta rage harajinsa daga kashi 119 cikin ɗari zuwa 12.5.

Yanzu ginin yana cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare, ko mai shi ba ya sauya masa fasali sai da izinin hukuma.