Dal da Tarka: Abin da Indiya ke Ci Ranar da Babu Biki

Yawancinmu ta fina-finai muka san Indiya, tun zamanin da gidajen silima na Kano da Kaduna ke cika maƙil. Shi ya sa da an ambaci abincin ƙasar sai hankali ya tafi kan teburin biki: biriyani mai tashin ƙamshi, kaza cikin jan romo, da gurasar nan mai laushi da suke kira nan. Gidajen sayar da abincin Indiya na Landan da Dubai da Legas ma abin da suke sa wa a gaba ke nan. Amma wannan abincin fita ne. Kazar da ake dafawa da man shanu da tumatir daga gidan abinci na Moti Mahal da ke Delhi ta yi suna, bayan rabuwar Indiya da Pakistan a 1947, ita kuwa gurasar nan sai da tanderu take gasuwa, kuma ba kowane gida ne ke da shi ba.

Abin da uwargida ke ɗorawa kullum ya fi haka sauƙi nesa ba kusa ba. A arewa da yamma za ka tarar da roti, wata siririyar gurasar alkama marar yisti da ake gasawa a kan faffaɗan kaskon ƙarfe. A kudu da gabas kuwa shinkafa ce fara. A gefe akwai sabzi, wato kayan lambu da aka soya sama-sama: kuɓewa, dankalin turawa, yalo, kabeji, duk abin da kasuwa ta kawo. Sai kindirmo, sai ɗan yankan mangwaro ko lemun tsami da aka jiƙa cikin mai da gishiri da barkono. A tsakiyar duk wannan akwai kwanon dal, kuma shi ne nake ganin ya cancanci a tsaya a kansa, domin wanda ya gane dal ya gane girkin gidan Indiya.

Dal dangin wake ne da aka ɓare aka raba biyu, kuma sunan miyar da ake yi da shi ke nan. Irinsa da yawa. Akwai tur mai ruwan ɗorawa, wanda ake ji da shi a Gujarat da Maharashtra da kudu. Akwai masur, wanda waɗanda suka zauna a Saudiyya ko Sudan suka sani da adas, ja ne kuma ba ya ɗaukar lokaci a wuta. Akwai mung mai sauƙin narkewa a ciki, da urad baƙi mai ɗan yauƙi, da cana mai ƙarfin ƙwaya. Indiya ce ta fi kowace ƙasa noman waɗannan, ita ce ta fi kowa cin su, kuma ita ce ta fi kowa sayo su daga waje. Dalili a fili yake. Binciken cibiyar Pew na 2021 ya nuna kashi 39 cikin ɗari na manyan ƙasar ba sa cin nama, kashi 81 kuma suna da wata iyaka da suka sa wa cinsa. Ko waɗanda ke ci, aljihun da yawansu ba ya kai wa nama kullum. Don haka dal ne ke gina jikin jama'a. Masana abinci sun tabbatar da hikimar haɗin: sinadarin gina jiki da hatsi ya gaza a kansa wake na da shi, wanda wake ya gaza a kansa kuma hatsi na da shi.

Dafa shi ba wani aiki ba ne. A wanke, a zuba ruwa kamar ninki uku, a sa kurkur da gishiri, a bar shi ya nuna har ya fara narkewa, sannan a burga. In an tsaya nan, abin da ke cikin tukunya salam yake, ba ya jan rai. Abin da ke tashinsa shi ne tarka.

Ga yadda ake yi. A ɗora ɗan ƙaramin kasko, a zuba man shanu cokali biyu, a bari ya yi zafi sosai amma kada ya yi hayaƙi. A fara jefa kayan yaji masu ƙwaya: jira, wanda Larabawa ke kira kammun, ko ƙwayar mastad. Ita mastad sai ta fara fashewa tana tsalle sannan ta nuna. In an yi gaggawa ɗaci za ta bari. Jira kuwa da ya yi ruwan ƙasa ya saki ƙamshi, shi ke nan. Bayan su sai busasshen barkono da ɗan ƙanƙanin hing, wani ƙaro mai wari, sannan tafarnuwa da citta, da albasa in ana so. Garin barkono shi ne na ƙarshe, galibi bayan an sauke kaskon, don ba ya jure wuta. Sai a juye man da zafinsa a kan dal ɗin, ya yi cuuu, a yi maza a rufe tukunya kada ƙamshin ya tsere. In ban da albasa, duka aikin bai fi minti ɗaya ba.

Cikin wannan ɗan lokaci ne ake gane gwana. Yawancin abubuwan da ke ba kayan yaji ƙamshi a cikin mai suke narkewa, ruwa ba ya fito da su yadda ya kamata, kuma kowane iri yana da iya zafin da yake ɗauka. Wannan ne ya sa jerin ke da muhimmanci: mai ƙarfi ya riga shiga, mai rauni ya biyo baya. Tafarnuwar da ta wuce da ƙiftawar ido ta ɓata tukunya guda. Ba a koyon wannan da ma'auni. Yarinya tana tsayawa kusa da mahaifiyarta ne har kunnenta ya san ƙarar mastad, hancinta ya san lokacin jira. Ni dai ban san wata dabarar girki da ke mayar da abincin talaka mai daraja da kuɗi kaɗan kamar wannan ba.

Kowane yanki da nasa hannun. A Bengal da man mastad ake yi, da haɗin ƙwayoyi biyar da ake kira panc foron, wanda a cikinsa akwai hulba da habbatus sauda. A Gujarat ana ƙara wa dal ɗan mazarƙwaila da abu mai tsami. A Tamil Nadu tur ne ke zama miyar sambar, da tsamiya da kayan lambu da ganyen kori, a Kerala kuma man kwakwa ne kan gaba. Mabiya addinin Jain ba sa cin albasa da tafarnuwa, don haka hing ne ke cike musu gurbin. Hing ƙaro ne mai tsananin wari da ake samu daga saiwar wani tsiro, kuma duk da yawan amfani da shi daga Afganistan da Iran Indiya ke sayo shi. Sai a 2020 aka fara gwada shuka shi a tsaunukan Himachal Pradesh.

Garin korin da muke saya a leda mu zuba a kowace miya ba shi ne ginshiƙin girkin gidan Indiya ba. Turawan Ingila ne suka yaɗa shi tun ƙarshen ƙarni na 18, don su riƙa tuna ɗanɗanon ƙasar da suka mallaka. Abin da ke gefen murhun uwargida wani zagayayyen gwangwani ne mai ƙananan kofuna, galibi bakwai, kowanne da nasa: kurkur, barkono, jira, mastad, da sauransu. Tana ɗiba ne gwargwadon abin da take dafawa, shi ya sa kuɓewarta ba ta ɗanɗano irin na dankalinta.

Wani abin da tarihi ya nuna shi ne da yawan kayan wannan girki baƙi ne. Barkono da tumatir da dankalin turawa daga nahiyar Amurka suka fito, kuma barkonon ta hannun Turawan Fotugal ya iso, bayan Vasco da Gama ya sauka Calicut a 1498. Kafin nan masoro da danginsa ne ke ba da yaji. Wasu baƙin kuma daga wajenmu suka tafi, tun dubban shekaru. Gero, wanda aka fara nomawa a yankin Sahel, shi ne bajra da mutanen Rajasthan ke yin gurasa da shi lokacin sanyi. Dawa ita ce jowar ta Maharashtra da Karnataka. Wakenmu shi ne lobiya. A Andhra Pradesh ana ji da ganyen gongura, wanda ba wani abu ba ne illa yakuwa da 'yar'uwarta rama. Zogale kuwa daga can ya zo mana, sai dai su sun fi damuwa da dogayen 'ya'yansa, waɗanda suke yankawa cikin sambar.

Akwai kuma kicri, shinkafa da mung da ake dafawa tare har su yi laushi, a kwarara man shanu a kai. Shi ake ba yaro da marar lafiya da wanda ya dawo a gajiye. Ibn Battuta ya ambace shi a labarin tafiyarsa tun ƙarni na 14.

Sauƙin wannan abinci bai hana shi cin ƙarfin mata ba, kuma bai kamata a manta da hakan ba. Roti da zafinsa ake ci, don haka mai gasawa tana tsaye gaban wuta tana murzawa ɗaya bayan ɗaya yayin da sauran ke zaune, kuma a gidaje da yawa ita ce ta ƙarshen ci. A Mumbai, tun 1890 masu dakon abinci da ake kira dabbawala ke kai wa ma'aikata abincin gida har ofis, a keke da jirgin ƙasa, kuma duniya ta yaba musu. Ba a cika ambaton wadda ta tashi tun asuba ta cika kwanukan ba. Abin da ya fi rage mata wahala shi ne tukunyar tururi mai fito, wadda kamfanonin Prestige da Hawkins suka baza a ƙasar tun daga shekarun 1950. Tur da zai kusan cin awa guda a tukunya buɗe, cikin kwata yake nuna a cikinta. Har ta kai da yawan fito ake auna girki: a bar shi ya yi uku, a sauke.

Farashin dal kuwa magana ce ta siyasa. Bunƙasar noman shekarun 1960 ta fifita alkama da shinkafa, aka ture dangin wake zuwa gonakin da ba ruwan ban-ruwa. A 2015 kilon tur ya kai kusan rupi 200 na kuɗin Indiya, gwamnati ta sha matsi, da shekara ta zagayo sai ta ƙulla yarjejeniyar sayen tur da Mozambik. Yau manoman Tanzaniya da Malawi da Sudan ma suna noma tur don kasuwar Indiya, masur kuma daga Kanada da Ostareliya yake zuwa.

Wadda ke son gwadawa a Kano ko Maraɗi ba sai ta nemi duk waɗannan ba. Adas yana samuwa a manyan kantuna, in babu shi farin wake ma ya isa. A jiƙa shi, a dafa da kurkur da gishiri har ya yi lugub. A soya albasa da citta da tafarnuwa da tumatir a zuba, a bar su su haɗu. Daf da saukewa sai a narka man shanu na gaske, a jefa jira da busasshen barkono, a juye a kai. In tsami ake so, ruwan tsamiya kaɗan ya wadatar, amma sai bayan waken ya nuna za a zuba shi, domin tsami yana hana wake laushi.