Zanen Goshi da Sikelin Gwamnati a Ƙasar Baiga

A ƙauyukan ƙabilar Baiga da ke dazukan Dindori da Mandla, a tsakiyar Indiya, ana gane inda yarinya ta kai a girma daga fatar jikinta. Da ta kai shekara bakwai ko takwas sai a kira badnin, matar da ta gaji sana'ar zane tun kaka da kakanni, ta zo da alluranta da baƙar tawada, ta yi mata zanen farko a tsakiyar goshi. Akwai zafi ƙwarai, jini ma yakan fita, shi ya sa mata ke riƙe yarinyar suna lallashinta, bayan an gama a shafa mata kurkum da mai.

Har yau ba a daina musu kan ma'anar wannan zane ba. Wasu sun ce murhu ne aka zana, alamar cewa yarinya ta doshi girki da riƙon gida. Tsofaffi kuwa sukan ce duk awarwaro da sarƙa a nan duniya ake barin su, zane ne kaɗai adon da mace ke tafiya da shi bayan mutuwa. Ni dai bayanin tsofaffin ya fi kwanta mini, domin shi ne ke nuna dalilin da ya sa ake jure wannan azaba shekara bayan shekara. Yarinya na ƙara tsawo ana ƙara mata zane, a hannuwa, a baya, a cinyoyi da ƙafafu. Na ƙirji sai bayan aure. Yara maza ba su da irin wannan lissafi.

Yanzu wani awon ya shigo. Tun da gwamnatin Indiya ta kafa cibiyoyin kula da ƙananan yara da ake kira anganwadi a 1975, ma'aikata ke ɗora yara a sikeli, su auna tsayi da kaurin damtse, su rubuta a littafi. Abin da littafin ke nunawa akwai ban tausayi: yaran Baiga da yawa sun tsumbure, nauyinsu bai kai na shekarunsu ba.

Bai kamata a ɗora laifin a kan iyaye mata ba. Kakanninsu noman bewar suke yi, su sare daji su ƙone, su watsa iri iri-iri cikin toka, domin a wurinsu kafta garma a ƙasa tamkar yaga ƙirjin uwa ne. Gona ɗaya kan ba da hatsin kodo da kutki da wake da ganyaye, daji ya cika sauran da furen bishiyar mahua, saiwoyi da nama. Turawan Ingila suka hana bewar, a 1890 suka keɓe musu ɗan yankin Baiga Chak, daga baya gandun dajin Kanha ya tashi wasu ƙauyukan. Yaro na nan yana shan pej, wani kunu mai ruwa-ruwa, safe da rana, amma abin da ake haɗa masa da shi ya ragu, shinkafar tallafi kuma ciki kawai take cikawa.