Ƙasimu Yero: Gishirin Miya A Fagen Wasan Kwaikwayo

A kowane wasan kwaikwayo akwai jarumin da ake yi wa tafi, akwai kuma wanda ke ɗauke da nauyin labarin ba tare da an buga hotonsa a bango ba. Shi ne kawu mai taurin kai, ko bafade mai baki biyu, ko maƙwabci mai shiga sharo ba shanu. A ganina, ƙasar Hausa ba ta yi gwani a wannan fage kamar marigayi Ƙasimu Yero ba, haifaffen Zariya, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a Kaduna cikin watan Satumba na 2017.

Masu shekaru za su tuna shi cikin shirin Karambana na gidan talabijin na Kaduna, inda yake tsoma baki cikin duk abin da bai shafe shi ba, ya kwashi kunya, gobe kuma ya sake. Ya fito a wasan da aka shirya daga littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Sai dai abin da ya sa Nijeriya baki ɗaya ta san fuskarsa shi ne fitowarsa a matsayin Uncle Gaga a Cock Crow at Dawn, wasan Turanci da aka fara nunawa a 1980, aka ɗauka a yankin Jos, domin a jawo hankalin jama'a su koma gona.

Mu da muka tashi a Fakku, cikin manoman ƙasar Kebbe da Tambuwal, ba sai an yi mana tafinta ba kafin mu gane Gaga. Babu ƙauyen da ba shi da irinsa, dattijon da ke kallon duk wata sabuwar dabarar noma da zargi, yana kuma ƙyashin ɗan'uwan da ya ci gaba. Ƙasimu bai mai da shi dodo ba. Ya bar masa wayo da ban dariya da rauni irin na ɗan Adam, har mai kallo ya yi dariya, can daga baya ya tsargu cewa da shi ake. Jami'in gona zai yi shekara yana bayani bai kai saƙon inda wannan kawu ya kai shi ba.

Abin da ke damuna, mai karatu, shi ne yadda harkar finafinanmu ta karkata ga kyan fuska da waƙa, aka mai da dattawan fage 'yan cike gurbi, su fito sau biyu su ce an ba da aure ko an hana. Ga shi kuma da wuya yaron yau ya sami tsofaffin wasannin nan cikakku ya kalla.

Don haka ina kira ga gidajen talabijin na Kaduna da Jos da Sakkwato su tattaro kasakasan da suka rage, su juye su a na'urorin zamani tun kafin su lalace. Jami'ar Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo su sa ɗalibai nazarinsu. Marubuta kuma su riƙa rubuta wa dattawa rawa mai nauyi, domin miyar da ba gishiri sai dai a ci don dole.

Allah Ya jiƙan Ƙasimu Yero, Ya kyautata namu zuwan.