Sabuwar Shekarar Sinawa Ba Ta Bin Watan Azumi

Tun da bikin sabuwar shekarar Sinawa ya faɗo ranar 17 ga Fabrairun 2026, dab da kamawar azumi, wata magana ke yawo a bakin 'yan kasuwarmu masu sayo kaya daga Guangzhou da Yiwu. Wai ashe Sinawa ma da watanmu suke lissafi, don haka wanda ya san lokacin azumi ya san lokacin rufe masana'antu. Na ji wani dattijo a Kantin Kwari yana karanta wa yaron shagonsa haka, yaron yana gyaɗa kai.

Abin da ya dame ni shi ne maganar za ta ƙara samun gindin zama, domin bikin 2027 zai zo 6 ga Fabrairu, na 2028 kuma 26 ga Janairu, duk a bakin azumi. Sai 2029 igiyar za ta tsinke. Azumi zai kama tun tsakiyar Janairu, bikin kuwa sai 13 ga Fabrairu, a jajibirin ƙaramar Sallah. Wanda ya ce bari a sha ruwa ya aika kuɗin oda, ƙofa a garƙame zai tarar.

Gaskiya ne watansu kwana 29 ne ko 30 kamar namu, kuma wata goma sha biyu yana gaza shekarar rana da kusan kwana 11. Mu muna barin giɓin nan yadda yake, shi ya sa azumi ke zagaya damina da hunturu da bazara. Su kuwa tasu kalandar manoma ce, ba sa yarda watan shuka ya gudu ya bar lokacin shuka. Sai su riƙa tara kwanakin nan kamar zubin adashi, in sun kai wata guda a kwashe, a yi shekara mai wata 13. Sau bakwai ake yin haka cikin kowace shekara 19. An yi a 2023 da 2025, za a yi a 2028. Tela ne ke ƙara ƙyalle don riga ta kai gwiwa. Ko ka ce akuya ce a turke: ta ja baya bana, ta ja baya baɗi, igiya ta fizgo ta. Turken nan shi ya hana bikin fita daga tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Ba sa ma fita duban jinjirin wata. Masana taurari a Nanjing ke lissafa ranar da wata ya ɓuya ɗungurungum, ita ce ɗaya ga wata.

Bikin bazara suke ce masa, kuma duk wanda ya ga tashar mota a jajibirin Sallah zai gane shi. Kwana 40 ana jigilar masu komawa gida don cin abincin daren ƙarshen shekara tare da iyaye. Dole a ga kifi a teburi, saboda sunansa ya yi kama da kalmar rara. A share gida tas kafin ranar, ranar kanta ba a taɓa tsintsiya kada a share arziki. A manna jajayen takardun fatan alheri a gefen ƙofa, a liƙa kalmar "fu", wato albarka, kai a ƙasa, don a harshensu "ta kife" da "ta iso" furucinsu ɗaya. Yara kuma su karɓi sababbin kuɗi cikin jan ambulan, goron sallarsu ke nan. In za ka yi wa abokin cinikinka kyauta, lemo da ganyen shayi sun wadatar. Kada ka kai agogon bango, jin sa suke kamar rakiyar gawa, kuma ka guji huɗu, lambar da furucinta ya yi kusa da mutuwa.

Ranakun bikin nan sanannu ne shekaru da dama kafin su zo. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu da ke karɓar kuɗin wata ba su taɓa ganin ya dace su buga su a takarda ɗaya su manna a bakin kasuwa ba, sai kaya sun maƙale a fara zargin dillali. Hutun hukuma bai wuce kwana takwas ko tara ba, amma ma'aikata da yawa ba sa barin ƙauye sai an yi bikin fitilu ranar 15 ga wata, wasu masana'antun kuma sai sun nemi sababbin hannaye kafin inji ya tashi.