Diyyar Kaji Lokacin Annobar Murar Tsuntsaye

Hakimai da malamansu su kan sha tambaya daga talakawa, wai in ciwo ya kashe wa mutum dabbobi Gwamnati za ta biya shi? Amsar ba ta da daɗin ji, amma gara a san ta. Abin da ya faru a 2006 ya isa misali.

A watan Fabrairu na shekarar aka tabbatar murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kaji a Jaji, cikin Jihar Kaduna. Ita ce ɓullar nau'in H5N1 ta fari da aka tabbatar a duk Afirka. Ba a daɗe ba ta bayyana a Kano da Filato. Ciwon ba shi da magani, ya kan kuma kama mutum, har wata mace ta rasu da shi a Ikko a farkon 2007. Saboda haka duk inda ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ta tabbatar da shi, sai a kashe tsuntsayen gidan gaba ɗaya, masu ciwo da lafiyayyu, a binne su, a fesa wa wurin magani.

To, a nan zancen diyya ya shigo. Gwamnatin Tarayya ta yanka naira 250 a kan kowace kaza, agwagwa naira 1,000, talotalo naira 2,500. Amma a lura da kyau, kuɗin nan na tsuntsayen da ma'aikata suka kashe ne, suka ƙidaya, suka rubuta. Waɗanda ciwo ya riga ya kashe kafin likitan dabbobi ya iso ba su shiga lissafi. Watau mai kaji dubu, in ya yi shiru har ɗari tara suka mutu, kuɗin ɗari kaɗai zai karɓa. Ba don rowa aka tsara haka ba. Manufar diyya ita ce a saye hanzarin mai dabba, ya kai rahoto tun ciwo bai ƙetara katangar maƙwabci ba.

Sai dai naira 250 ba ta kai kuɗin kaza mai ƙwai a kasuwa ba, biyan kuma ya yi jinkiri. Mai kiwo kuwa ya iya lissafi. Waɗansu da suka ga kajinsu sun fara gyangyaɗi sai suka yi maza suka kai su kasuwa, ciwo ya bi motoci zuwa garuruwan da bai taɓa shiga ba. A ganinmu araha irin wannan ta fi tsada. Daga baya, da rancen dala miliyan 50 na Bankin Duniya, aka ƙara kuɗin ya kusanci na kasuwa. Annobar ta lafa a 2008, ta sake dawowa a 2015.

Wanda ya fi cutuwa shi ne mai kajin gida a ƙauye, yawanci mace, wadda ba ta da takardar shaida ko ɗaya. Aikin hakimi ke nan. In mai unguwa ya kawo labarin kaji na mutuwa barkatai, a sanar da likitan dabbobi ran nan, kada a kwana. A ja kunnen dillalai kada a fitar da kaji daga unguwar. Ran kisa malamin hakimi ya tsaya a wurin da littafinsa, ya rubuta sunan mai su, da irinsu, da adadinsu, da kwanan wata, dagaci ya sa hannu. Sunan matar da ke da kajin za a rubuta, ba na mijinta ba, domin wanda aka rubuta shi za a kira ran biya.